Wanda Bai Sani Ba, da Me Zai Auna Masani?

Akwai wata mas'ala da malaman usulul fiƙihu suka daɗe suna juyawa, wadda na yi shekaru ina karantar da ita ba tare da ta taɓa hana ni barci ba. Mutum ne bai san hukunci ba, aka ce masa ya je ya tambayi masani. To da wane ma'auni zai auna masanin? Da yana da ilimin da zai bambance malamin ƙwarai da mai rawani kawai, da bai buƙaci tambayar ba tun farko. In kuwa ba shi da shi, zaɓen nasa lalube ne cikin duhu. Mas'alar ba ta shiga jikina ba sai da 'yata ta shiga jami'a karatun injiniya, lissafin da suke kira kalkulas ya tsaya mata a wuya, aka ce mini sai na nemo mata malamin lesin.

Ni Larabci da fiƙihu na karanta. Lissafina ya tsaya a rabon gado da nisabin zakka, kuma a wannan fagen ina da ta cewa. Amma da na buɗe littafinta na ga alamomin da ke ciki, na san an zo inda ba ni da ido. Magini in ya yi aikin banza damina za ta tona masa asiri. Malamin kalkulas kuwa zai iya shekara yana zuwa gidana yana cika takarda da rubutu, ina biyansa ƙarshen wata, ban san ko gyara yake yi ko ɓarna ba.

Amsar da magabata suka bayar ita ce, gama-garin mutum ba ya auna ilimi kai tsaye, alamu yake bi. Ya duba wanda ya shahara da karantarwa, wanda amintattu suka yi masa shaida, wanda masana 'yan uwansa suke komawa gare shi. Suka kuma gindaya sharaɗi biyu, ilimi da amana. A kan wannan aka gina ijaza. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi sukutum ya rubuta, Ida'un Nusukh, don ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowannensu. Ijaza tana cewa ni wane na zauna da wannan almajiri, na ji karatunsa, na yarda ya karantar. Mutum ne ya sa wuyansa. Takardar digiri kuwa hatimi ne da sa hannun wani babba wanda mai yiwuwa bai taɓa ganin fuskar mai ita ba. Ba na raina ta, shaida ce ta gaskiya cewa mai ita ya ci jarrabawa. Sai dai ba ta faɗa maka ko zai iya buɗe wa wani abin da ya ci jarrabawar a kansa.

Wanda aka fara haɗa ni da shi a masallacin unguwarmu aka nuna mini shi. Saurayi ne mai ladabi, da digirinsa na lissafi, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce mini sahun farko ba ya wuce shi. Yakan zo bayan la'asar, su zauna a falo ƙofa a buɗe, mahaifiyarta tana tsinkar zogale daga bakin ƙofa, ni kuma ina gefe da littafina ina saurare. Ƙa'ida ya koya mata: in kin ga x da ɗan ƙaramin 2 a kansa, ki sauko da biyun gaba, ki rage ɗaya a sama, amsa ta zama 2x. Ta yi ta yi, tana ci, yana sa mata maki da jan biro.

Rannan sai ta ɗago kai ta ce, "Malam, an ce wannan amsar ita ce gudun abu a daidai wani lokaci guda. To a daidai wannan lokacin ai abin bai matsa ba, lokacin ma bai wuce ba. Sifili ke nan a raba da sifili. Ta ina gudun ya fito?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ke dai riƙe ƙa'idar, ba za a tambaye ki wannan a jarrabawa ba."

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rubutu. Ba ta sake yi masa wata tambaya ba har muka rabu.

Ba macuci ba ne. Abin da aka ba shi ya miƙa, yadda aka ba shi. Amma masu yi masa shaida sun shaidi sharaɗi ɗaya ne, suka ɗauka ya wadatar da ɗayan. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi a littafinsa Munƙizu cewa ƙwarewar mutum a fanni ɗaya ba ta nuna ƙwarewarsa a wani. Shi yana magana ne a kan wanda ya ga tsaftar hujjojin masu lissafi sai ya bi su har a sha'anin addini. Mu namu ya juya: muna ganin tsaftar addinin mutum sai mu miƙa masa lissafi, ko asibiti, ko baitulmali. Shi Gazalin a wuri guda ya soki masoyin addini jahili wanda yake ƙaryata lissafin husufin rana da wata don yana zaton yana kare Musulunci, ya ce cutar da addinin yake yi. Tsoron Allah yana hana mutum ya yi maka ƙarya da gangan, amma ba ya zuba masa ilimin da bai nema ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ban san kalkulas ba amma na san tambayar yarinyar nan. Na gamu da ita a littattafan tauhidi, inda ake jayayya a kan jauharul fardi, wato ko jiki da tafiya suna rabuwa har abada ko kuwa akwai ƙwayar da ba ta rabuwa. A Basra, a ƙarni na 9, an ƙalubalanci wani malamin kalam mai suna Nazzam, wanda ya ce rabuwar ba ta da iyaka: in haka ne, ta yaya tururuwa za ta ƙetare takalmi, alhali akwai wurare marasa iyaka da za ta taka? Ya rasa mafita sai ya ce mai tafiya tsallake wasu wuraren yake yi. Da na bi tarihin lissafin kansa sai na tarar tambayar ta bi shi har gida. Newton a Ingila da Leibniz a Jamus kowanne ya gano kalkulas ta hanyarsa, Leibniz ya fara buga nasa a 1684. Lissafin yana aiki, yana faɗin tafiyar taurari daidai, amma tushensa yana rawa. A 1734 wani bishop na ƙasar Ailan, George Berkeley, ya fito da ɗan littafi yana tuhumar masu lissafi: wannan ƙanƙanin adadi da kuke raba abu da shi, sannan ku juya ku share shi kamar babu, akwai shi ko babu shi? Manufarsa ta addini ce. Yana cewa ku da kuke yi wa masu imani dariya don sun gaskata abin da ba su gani ba, ga ku kun karɓi naku gaibun ba hujja. Ba a ba shi amsa mai gamsarwa ba sai a ƙarni na 19, da aikin Cauchy na 1821 da abin da Weierstrass ya ƙarasa bayansa. Tambayar da aka ce wa 'yata ba ta cikin jarrabawa ta ci wa manyan masana fiye da shekara ɗari.

Ba ina cewa taƙlidi, wato bin masani ba tare da sanin hujjarsa ba, haramun ne a kan kowa ba. Shehu Usmanu ya yi faɗa da masu kafirta talakawa don sun kasa jero dalilan tauhidi irin na malaman kalam, kuma ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Ni ma in likita ya rubuta mini magani sha nake yi, ba na tambayar hujja. Duniya ba za ta zaunu ba in kowa ya ce sai ya tabbatar da komai da kansa. Amma yarinyar nan injiniya za ta zama in Allah ya so. Wata rana ita za ta sa hannu a kan lissafin gada ko madatsar ruwa, dubban mutane su hau bisa yarda da ita, su ne masu yi mata taƙlidi. Wanda za a bi ba ya halatta ya zama mai haddar ƙa'ida kawai, don ranar da ya gamu da abin da ƙa'idarsa ba ta ambata ba, ba shi da inda zai koma, kuma ba shi kaɗai zai faɗi ba. Wannan shi ne bambancin mufti da mai neman fatawa, kuma ban ga dalilin da zai sa ya tsaya a fiƙihu ba.

Sai na sake hanyar nema. Na bar tambayar iyaye, don yawancinsu irina ne, na koma tambayar ɗalibai da suka wuce ajin. Ban ce musu wa ya sa kuka ci ba, na ce a hannun wa kuka gane. Sunan wata malama ya yi ta dawowa, tana koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, ba ta da wani suna a gari.

A zuwanta na farko 'yata ta maimaita tambayar, da ɗan ɗari-ɗari. Malamar ta ajiye jakarta ta ce, "Alhamdulillahi, daga nan za mu fara." Ta ce a ɗauka an saki dutse daga sama, nisan da yake faɗowa a mita kusan 5 ne a ninka da daƙiƙoƙin sau biyu. A daƙiƙa 2 ya yi mita 20. Ta miƙa mata biro ta ce ta nemo inda yake a daƙiƙa 2.1. Ta samu 22.05. Ƙarin mita 2.05 cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, gudu ya kama 20.5. Ta ce ta matso, 2.01. Gudu ya fito 20.05. Ta ce ta ƙara matsowa. Ya fito 20.005. Sai ta tambaye ta, "Ina waɗannan lambobin suka dosa?" Yarinyar ta ce ashirin. Malama ta ce, "To ba mu taɓa raba komai da sifili ba, kin gani? Kullum akwai ɗan lokaci, komai ƙanƙantarsa. Faɗa mini kusancin da kike so da ashirin, ni kuma in nuna miki ɗan lokacin da zai kai ki can. Wannan lambar da ake dosa ita muka sa wa suna gudun wannan lokacin." Ina gefe, ni da ban taɓa shiga ajin kalkulas ba, na bi lissafin da kaina a bayan ambulan, ya fito.

Daga nan na gane cewa jahilin fanni ba makaho ba ne gaba ɗaya, akwai abin da idonsa zai iya gani. Zai iya ganin biro a hannun wa ya fi daɗewa. Zai iya ganin abin da ke faruwa da tambaya in ta fito, ana marhabin da ita ko ana binne ta. Akwai ranar da 'yata ta kawo wani aiki, malamar ta dube shi ta ce, "Wannan ban san hanyarsa ba yanzu, bari in je in duba." Ta dawo da shi a warware, har da inda ta fara ɓata. An ruwaito Imam Malik yana yawan amsa tambayoyi da cewa bai sani ba, kuma wannan bai rage shi a idon mutanen Madina ba. Haka kuma malamin ƙwarai ba ya son ɗalibi ya dogara da shi. Masanin lissafi Euler, wanda ya shiga jami'ar Basel a 1720 yana ɗan shekara 13, ya roƙi malamin lissafi Johann Bernoulli ya riƙa yi masa darasi shi kaɗai. Bernoulli ya ce ba shi da lokaci, amma ya je ya karanta manyan littattafai da kansa, duk abin da ya gagare shi ya kawo masa ranar Asabar da yamma. Euler da bakinsa ya yaba wannan hanya daga baya. Malamar 'yata ma, da tafiya ta miƙa, ita ta ce mini a rage kwanakin zuwanta, alhali rage kuɗinta ke nan.

Batun kuɗin ba ƙarami ba ne. Mazhabarmu ta Malikiyya ta halatta karɓar lada a kan karantarwa, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya san kuɗin Laraba. Lokacin malami da wahalarsa ake biya. Amma akwai iyakar abin da kuɗi ke saye. Shi wannan Bernoullin ya taɓa yi wa wani attajirin Faransa, L'Hôpital, lesin na kalkulas, daga baya a 1694 suka ƙulla cewa zai riƙa biyansa duk shekara shi kuma yana aiko masa da abin da ya gano. A 1696 attajirin ya buga littafin koyar da wannan lissafi na farko, kuma har yau akwai ƙa'idar da ɗalibai suke kira da sunansa alhali ta Bernoulli ce. A wajenmu jingina ilimi ga mai shi yana cikin amanarsa. Mafi muni kuma abin da nake ji yana yaɗuwa yanzu, mai lesin ya karɓi kuɗi ya yi wa ɗalibi aikin da aka ba shi a makaranta, yaro ya kwafe ya miƙa. Wannan shaidar zur ce aka saya, uba ya biya da hannunsa.

Abin da ya rage yana damuna shi ne sauran 'yan ajinsu. Ɗaruruwa ne a ɗaki guda, malami yana magana ta lasifika, na baya ba sa ganin allo. Da yawansu kuɗin mota ma da ƙyar, balle na lesin, kuma ba na shakka akwai masu irin tambayar 'yata a cikinsu da suka haɗiye ta. Gazali a Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, waɗanda in al'umma ta rasa mai yi kowa ya yi laifi. Mun riƙe wannan hukunci a nahawu da fiƙihu: a Kano da Zariya da Sakkwato har gobe akwai zaurukan da malami zai zauna bayan asuba, kowa ya zo da littafinsa ya ɗauki karatu ba a ce ya kawo sisi ba. Ban ga abin da ya hana injiniyoyinmu da malaman lissafi da suka yi ritaya su buɗe irin wannan zaure ba. A barandar masallacinmu akwai allon bango da 'yan Islamiyya suke amfani da shi da yamma, da safen Asabar kuwa babu kowa. Na kai maganar gaban kwamiti, malamar ta ce za ta zo in an ɗauke mata kuɗin mota, yanzu muna neman mutum na biyu da zai riƙa karɓarta.