Sarauta Rigar Aro Ce

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na Filinge da sauran ƙasar Kurfey, bayan sallar Juma'a wani ɗalibi ya tambaye mu ma'anar kalmar "tuɓe" da ake faɗi idan an sauke sarki daga mulki.

Mu lura, da wannan kalma muke tuɓe riga, mu tuɓe takalmi a ƙofar masallaci. Larabawa ma haka: suna kiran sauke sarki "khal'u", kuma da wannan fi'ili ne aka umarci Annabi Musa (AS) ya cire takalmansa a kwarin Ɗuwa, a Suratu Ɗaha, aya ta 12. Ashe harsunan biyu sun haɗu a kan abu guda: sarauta tufa ce, ana naɗa ta, ana kwance ta. In mai ita ya ajiye da kansa, sai mu ce ya yi murabus. In an karɓe ta da ƙarfi, an tuɓe shi ke nan.

Tarihi shaida ne. A 1906 Faransawa suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa. A 1996 gwamnatin soja ta tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi. A 2020 aka tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, a 2024 aka mayar da shi. Aya ta 26 ta Suratu Ali Imrana ta sanar da mu cewa bayar da mulki da zare shi duk a hannun Allah suke.

To, ku masu gari da dattawan da ke raba gardamar manomi da makiyayi a wannan dallol namu, ku yi adalci tun rawani yana bisa kai, domin ba a shiga kabari da shi. Wanda aka sauke kuwa ya yi koyi da Khalid ɗan Walid: da Sayyidina Umar ya cire shi daga jagorancin runduna, bai ta da fitina ba, ya ci gaba da aiki ƙarƙashin Abu Ubaida. Mu kuma talakawa, kada mu yi murna da faɗuwar kowa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya sa mu cika da imani. Amin.