Ɗinkin da Ba na Sayarwa Ba

Duk macen da ke harhaɗa guntayen atamfa ta ɗinka zanen gado, ko 'yar jakar kuɗi, ko rigar matashin kai, ta san tambayar da ake yi mata: "Nawa kike sayarwa?" In ta ce ba na sayarwa ba ne, sai a ce ɓata lokaci take yi. Ni ma ina wannan ɗinki, kuma ban yarda da wannan hukunci ba.

Mu dubi matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama ta Amurka, jikokin bayi. Shekara da shekaru suna yanka tsofaffin wandunan aiki, suna haɗa barguna don 'ya'yansu su lulluɓa. A 2002 aka baje bargunan a gidan nunin kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma aka buga hotunan wasunsu a jikin kan sarkin aika wasiƙa. Shin sai a lokacin suka yi daraja? Ai bargon da ya kare yaro daga sanyin hunturu ya gama aikinsa tun kafin mai kuɗi ya taya shi.

Ban raina sana'a ba, mai neman abin sawa a bakin salati dole ta sayar. Tsorona shi ne mu wayi gari ba mu iya auna komai sai da farashi. In muka kai nan, raino da jinya da zumunci duk sun zama ɓata lokaci ke nan, tunda su ma babu mai biya.