TALAUCI ƘADDARA CE, KO DA HANNUNMU A CIKI?



Wata shekara da kaka, a kasuwar Mashi, wani bawan Allah da muka yi makarantar allo tare ya kawo gero buhu biyu. Ni na saya. Na ce masa, "Malam, tun yanzu?" Ya ce mai ɗakinsa ce kwance a asibiti, ga kuma wanda ya ba shi taki bashi ya tsare ƙofar gida. Da damina ta yi tsakiya, rumbu ya ƙare, sabo bai nuna ba, na hango shi yana awon tiya ɗaya da tsadar da ta fi ƙarfinsa. Muka gaisa, ya ce, "Haka Allah Ya ƙaddara." Na ce haka ne. Amma wallahi ranar ban yi barcin kirki ba, domin geronsa yana ɗakina.

Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Sai dai Allah Ya sanya wa komai sababi, kuma da yawa daga sababan talauci mutane ne ke ɗauke da su. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 a Najeriya na cikin talauci ta fuskar abinci, lafiya, ilimi da muhalli. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na niƙa suka tashi. Bayan juyin mulkin Nijar a shekarar nan aka rufe iyaka, mu da muke maƙwabtaka da su muka ji a jikinmu. Waɗannan hukuncin shugabanni ne, kuma za a tambaye su.

To, namu fa? Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau magada goma sun yanka ta, ƙasar kuma ta gaji, sai da taki. Takin bashi ne. Wani ma kuɗi yake ba ka da bazara a kan buhu ɗaya ka biya biyu da kaka. Ko me aka kira wannan, zalunci ne. Ga biki da kayan ɗaki na gasa. Ga yaro an tura birni da kwano ba guzuri, ba sana'a. Ciwo ɗaya ya shigo gida, sai akuya ta tafi, sai hatsi, sai gona ta shiga jingina. Ka ga talaka yana sayarwa da araha saboda dole, yana saya da tsada saboda dole. Ribar da ke tsakani, aljihun wa take shiga?

Ban ce ajiyar hatsi haramun ce ba. Annabi Yusuf (AS) ya yi ajiya, amma don mutane su rayu a shekarun fari. Abin tambaya shi ne niyya: kana jiran maƙwabcinka ya galabaita ne kafin ka buɗe sito?

Manomin da ya samu nisabi, wato sa'i 300, kashi ɗaya cikin goma ne zakkarsa in noman ruwan sama ne, rabin haka in na ban ruwa ne. Da ana fitar da ita tsakani da Allah, a kai wa mabuƙata na gaskiya, da gidaje da yawa ba su kwana da yunwa a watan Agusta ba.

Ni dai na mayar masa da buhunsa ɗaya a kuɗin da na saya, ya biya bayan girbi. Ɗayan na riga na sayar, na ci riba, har yau yana damuna.

Kafin ka ce wa talaka ya yi haƙuri, leƙa sitonka tukuna.

Allah Ya yafe mana, Ya wadata mu da halal.