Juye Wa Ɗalibi Ilimi Gaba Ɗaya: Kyauta Ce Ko Cuta?

Ya 'yan'uwa matasa, akwai tambayar da ta daɗe tana damunmu, mu masu koyar da Larabci: malamin da ya juye wa ɗalibinsa duk abin da ya sani a lokaci guda, kyauta ya yi masa ko cuta?

A shekarar 2020, da annobar korona ta rufe makarantu, har Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, ta mayar da karatu ta intanet. Mu ma a zango muka koma WhatsApp. Kullum sai mu tura littattafan nahawu, da muryoyin malamai, da bidiyo, muna ganin lada muke tarawa. Da aka dawo aji, sai muka tarar yara da yawa ba sa bambance mubtada'i da habari. Wasu ma sun daina buɗe saƙonninmu, sun yanke cewa Larabci ya fi ƙarfinsu. Laifin wa ke nan? Namu ne.

To, mu dubi yadda aka karantar a Madina. Alƙur'ani bai sauka dare ɗaya ba, sai cikin kimanin shekara 23, goma daga ciki a Madina. Giya ma mataki-mataki aka haramta ta. Anas (RA) ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan maimaita magana sau uku don a fahimta. Sahabbai sukan karɓi aya goma, ba sa wucewa sai sun san ma'anarta sun yi aiki da ita. Imam Malik, malamin Madina da ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar (RA) ya yi shekara 8 yana koyon Suratul Baƙara. Ba rashin kaifin ƙwaƙwalwa ne ya jawo haka ba.

A zamaninmu ma, Dakta Abdur Rahim, mutumin Indiya da ya koyar a Jami'ar Madina, ya rasu a 2023, ya bi wannan hanya a littafinsa Durusul Lugga mai juzu'i 3. Darasin farko ya tsaya kan sunan nuni guda ɗaya na namiji, da sunayen abubuwan da ɗalibi ke gani kullum. Na mace sai bayan wasu darussa. Masanin koyarwa John Sweller ya bayyana dalilin a 1988: ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe sababbin abubuwa da yawa a lokaci guda, in an cika mata kaya sai koyo ya tsaya. Taura biyu ba ta taunuwa.

Wani zai ce, ai ɓoye ilimi zunubi ne. Gaskiya ne. Amma jinkirtawa daban, ɓoyewa daban. Malamin allo ba ya ƙara wa almajiri rubutu sai ya biya na jiya ya wanke, kuma ba wanda ya taɓa ce masa marowaci. Wanda ya tura littafi hamsin da yatsa ɗaya, hutar da kansa ya yi daga wahalar zaɓe da tsarawa, ya ɗora wa yaro. Wannan wahalar kuwa ita ce amanar malanta.

Saboda haka muka canza: darasi ɗaya, ƙa'ida ɗaya, gajeriyar murya, sannan tambayoyi kafin a ci gaba. Ku ma 'yan'uwa ɗalibai, ku rage zaurukan karatu da kuke shiga, ku riƙe littafi ɗaya da malami ɗaya har ku sauke. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya yafe mana inda muka nauyaya wa ɗalibanmu.