Sunan Mutum a Littafin Caji Ofis

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Dambatta, ko wadda ta nufi Bichi, zai ga ƙasa wadda kusan babu daji a cikinta. Gona na jingine da gona, gida na hangen gida, ba abin da ya raba su sai layin gamba ko ɗorawa. A irin wannan wuri labari ba ya ɓuya. In motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gidan mutum da hantsi, kafin azahar an ji a ƙauye uku, bayan shekara goma kuma ana nan ana tunawa. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne yadda maganar ta ƙare.

To, a ce wani manomi a ƙasar Minjibir yana da 'ya, wani saurayi daga ƙauyen gaba ya aiko neman aurenta. Aka shiga bincike kamar yadda aka saba, sai wani ya raɗa wa uban cewa, "Ai yaron nan an taɓa kama shi, har ya kwana biyu a caji ofis." Ƙanen uban, wanda ya yi karatun boko, ya ce, "Yaya, a daina bin jita-jita. Duk wanda aka kama an rubuta sunansa, a je a duba." Shin ya dace uban nan ya je ya tono abin da hukuma ta rubuta game da ɗan wani?

Gaskiya ne ana rubutawa, kuma ba yau aka fara ba. Majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas ta bar littattafan ƙararrakinta na 1913 da 1914 cikin Larabci, har wani malamin tarihi, Allan Christelow, ya fassara wasu daga ciki a 1994. Zamanin En'e, 'yan doka ke kamu, alƙali ke hukunci, malamansa na rubutawa. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Tsofaffin takardu kuwa, wasu suna gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, wasu gara ta gama da su.

A yau maganar tana wuri biyu. Na farko caji ofis, inda ake rubuta sunan wanda aka kawo da ranar da aka kawo shi da abin da ake zarginsa. Wannan littafi ba a miƙa wa kowa don ya zo wucewa. Akwai dokar tarayya ta 2011 wadda ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayani daga ofisoshin gwamnati a rubuce, amma ita ma ta keɓe sirrin mutane da binciken da ba a gama ba. Na biyu kotu, inda ake shari'a a bainar jama'a, kuma wanda aka yi shari'ar da shi yana iya neman kwafin hukunci wurin rajistara, ya biya kuɗin da aka yanka. Har wa yau akwai takardar shaidar hali da 'yan sanda ke bayarwa, amma mai ita ne ke nema da kansa, a ɗauki zanen yatsunsa. Ba a karɓo wa mutum a bayan idonsa.

Amma ko da an buɗe wa uban nan littafin caji ofis, me zai gani? Zai ga an kama yaron, shi ke nan. Kamu kuwa daban, laifi daban. A ƙasar da taku ɗaya na gona yake da daraja, mutum na iya kwana a tsare saboda rigimar iyaka, ko don akuyarsa ta shiga dawar maƙwabci aka yi cacar baki, ko don an yi faɗa a kasuwa aka kwashe na kusa da na nesa. Wani ma an zo neman wansa ne ba a same shi ba aka tafi da shi, abin da dokar tarayya ta 2015 ta hana ƙarara. Da ba a yi, da ba a hana ba. Tsarin mulki na 1999 kuma ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar a gaban kotu.

Dattawan waɗannan ƙauyuka sun san wani abu da ya fi wannan. Bayan an kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, talakawa da yawa sun sha kamu da ɗauri a hannun En'e saboda taron siyasa ko maganar da ba ta yi wa hakimi daɗi ba. Hajiya Gambo Sawaba an ɗaure ta sau da yawa, ga shi yau akwai babban asibiti da sunanta a Zariya. Da wani zai je ya duba littafin wancan zamani kurum, ba tare da sanin dalili ba, sai ya ce ta fi kowane ɓarawon akuya laifi.

Duk da haka ba za a ce wa uban ya rufe ido ba. 'Ya zai bayar, ba goro ba. Addini ya hana bin diddigin asirin mutane, kamar yadda ya zo a Suratul Hujurati, amma malamai sun yarda cewa wanda aka nemi shawararsa kan aure ko haɗa dukiya ya faɗi aibin da ya sani, gwargwadon bukata. Alƙali ma ba ya karɓar shaida sai ya san adalcin mai bayarwa. Watau abin dubawa shi ne wane ne mai tambayar, kuma me zai yi da amsar. Uban yarinya yana da haƙƙi. Wanda zai damƙa wa mutum shanun noma ko kuɗin ƙungiya yana da haƙƙi. Amma abokin takarar neman auren, ko maƙwabcin da ke jin haushin tsohuwar rigimar iyaka, in ya tashi neman takarda, kashin kaji yake nema ya shafa wa mutum, ko da abin da ya samo gaskiya ne.

Mai haƙƙin ma akwai sharaɗi a kansa: in ya fara, to, ya kai ƙarshe. Wanda ya tsaya a caji ofis ya karanta rabin wasiƙa ke nan ya naɗe. Sai ya bi ya ji, an kai kotu ko ba a kai ba? In an kai, an ɗaure ko an sallama? A nan ne takarda ta fi bakin mutane adalci, abin da ba a cika lura da shi ba. Ƙauye ya ga ranar da aka tafi da yaro da ankwa, don da rana aka yi, a gaban kowa. Ranar da alƙali ya sallame shi kuwa, shi kaɗai ya dawo a bayan babur bayan magariba. Jita-jita ba ta da rajistara. Sau da yawa kwafin hukunci shi kaɗai ne mai shaidar da ya rage wa wanda aka wanke, saboda haka ya kamata ya karɓa ya adana shi tare da takardun gona.

Saura mai wuyar. In aka duba aka tarar lalle ya yi, an ɗaure shi wata shida yana ɗan shekara goma sha tara, ya fito, yau shekara takwas yana noma da ci-rani ba a sake jin kansa ba? Littafi ba ya rubuta tuba, ba ya rubuta daminar da mutum ya yi yana ciyar da uwarsa. Wannan sai a bakin mai unguwa da liman da waɗanda ya yi aiki tare da su. Uban yana iya bayarwa, yana iya hanawa, ba wanda zai kama shi da laifi. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya kai labarin majalisar ƙofar masallaci, ya sa a sake ɗaure wanda hukuma ta riga ta saka.

Hanya mafi sauƙi kuwa ba ta bi ta caji ofis ba sam. Uban ya aika a kira kawun yaron, su shiga zaure su biyu, ya ce, "Malam, na ji wata magana, ban so in ji ta a bakin kowa ba sai a bakinku." In akwai takarda, yaron ne zai kawo ta da hannunsa.