Wa Ke Yabon Mai Tsaron Baya?

Duk wanda ya saba ratsa Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni bayan sallar La'asar ya san yadda yara ke raba kansu idan za su buga ƙwallo. Kowa so yake a sa shi gaba, don ya jefa ƙwallo a raga a yi masa tafi. Tsaron baya kuwa sai wanda aka raina, ko wanda ya zo a makare. Wannan ɗabi'a ta yara ce ta sa na tambayi kaina: shin wa ya fi cancantar godiya, wanda ya kawo alherin da ido ya gani, ko wanda ya tare sharrin da bai kai ga aukuwa ba?

Bari mu ɗauki rayuwar marigayi Stephen Keshi ta zame mana madubi. Ɗan baya ne, kuma shi ne kyaftin ɗin Nijeriya a 1994, lokacin da aka ci kofin Afirka a Tunisiya. Amma sunan da ya fi zama a bakin jama'a daga wasan ƙarshe shi ne na Emmanuel Amunike, wanda ya ci Zambiya ƙwallaye 2. Haka aikin ɗan baya yake: in ya tare hari goma ba mai ƙirgawa, in ya kuskure ɗaya sai a yi ta ambatonsa shekara da shekaru.

Da Keshi ya koma horar da 'yan wasa, sai ya tarar da irin wannan rabo yana jiransa. Shi ya kai ƙasar Togo ga samun gurbi a gasar kofin duniya ta 2006, karo na farko a tarihinta, amma kafin a tafi Jamus aka sauke shi, aka ɗora Bajamushe Otto Pfister. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. A 2013 ya ci wa Nijeriya kofin Afirka a matsayin koci, abin da kafinsa Mahmud El-Gohary na Masar kaɗai ya taɓa haɗawa, wato ci a matsayin ɗan wasa da na mai horarwa. Duk da haka a 2015 aka sallame shi, ya rasu a 2016 yana da shekara 54.

To, mai karatu zai iya cewa ai laifi ba na jama'a ba ne, domin ɗan Adam abin da ya gani yake yaba wa, kuma ba a cin wasa sai an jefa ƙwallo. Gaskiya ne. Sai dai adalci ya wuce abin da ido ya kama. A ganina ma, shan zargi ba tare da yabo ba shi ne makarantar da ta gyara Keshi ya iya horarwa. Wanda ya daɗe a baya ya saba ganin fili gaba ɗaya, ya kuma san zafin a raina ƙoƙarin mutum. Watakila shi ya sa ya amince da 'yan wasan gida, irin su Sunday Mba da ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe na 2013, da Rabi'u Ali na Kano Pillars da ya tafi da shi gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka a 2014.

Maganar ba ta tsaya a filin ƙwallo ba. Unguwanninmu cike suke da masu tsaron baya: malamin allo da ya hana yaro lalacewa, mai gadin da ya kwana ido biyu har gari ya waye ba a yi sata ba, uwar da ta danne ɓacin ranta don kada gida ya watse. Ba mai yi musu tafi, saboda shaidar aikinsu ita ce ba abin da ya faru. Muna cewa rigakafi ya fi magani, alhali mai magani kaɗai muke yi wa godiya.

Al'ummar da ba ta girmama masu tare mata ɓarna, wata rana za ta nemi mai tsayawa a baya ta rasa, domin kowa ya gudu gaba neman tafi. Allah ya sa mu riƙa gode musu tun suna raye, amin.