Rufin Asirin Mai Gigin Tsufa

Dattijuwar da tun tana amarya ba a taɓa ganin kanta babu kallabi ba, yau ita ce ke kwance zani a tsakar gida a gaban surukai da jikoki. Nan da nan sai surutu ya tashi: wannan ya ce aljanu, wancan ya ce sammu, marasa tsoron Allah su ce maita ce ta fito fili. Alhali kuwa cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Tun 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana nau'inta mafi yawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da gigin tsufa. Idan cutar ta taɓa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai kula da kamun kai, kunya kan gushe ba da son mai ita ba.

A nan ake gane ɗa na gari, domin rufin asiri aiki ne na hannu. Kada ka daka mata tsawa, kada ka ce "Ba kya jin kunya?" Tsaya tsakaninta da idon mutane, ka ja zani daga igiya ka yafa mata, ka sassauta murya: "Inna, zo mu shiga daga ciki, rana ta yi zafi." A sallami yara cikin hikima, kuma kada a bar kowa ya ɗaga waya don ɗaukar hoto.

Sannan a nemi dalili, don sau da yawa jikinta ne ke faɗin abin da baki ya kasa. Wataƙila zafi ne, ko ƙaiƙayi, ko rigar ta matse ta, ko fitsari ya kama ta, ko ta ɗauka lokacin wanka ne. A sama mata tufafin auduga masu sauƙi, a riƙa raka ta bayan gida a kan kari. In abin ya zo kwatsam da ruɗewa, a kai ta asibiti, domin ciwon mafitsara ma yakan jawo haka. Inda hali ya yi, 'ya ta kula da uwa, ɗa ya kula da uba.

Sauran rufin asirin kuwa a harshe yake. Abin da ya faru a tsakar gida kada ya zama hirar gidan biki ko ta majalisa. Wanda hankalinsa ya gushe babu laifi a kansa; mu masu hankali za a tambaya yadda muka riƙe shi.